Kogin da Ya Bi ta Falona

Shekara goma sha huɗu ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Ko daga barci ka tashe ni zan zana maka yadda kogunan Indus da Ganges da Brahmaputra suke sauka daga duwatsun Himalaya, inda kowanne ya tsaga kwazazzabo, da inda ya baje ya zubar da yashinsa. Ɗalibai har Malam Himalaya suke ce mini, ni kuwa sunan yana fasa mini kai.

Duk wannan ilimi a ɗaki ɗaya muke zaune a gidan yayana Abbati, ni da matata Hannatu da 'ya'ya uku. Ba ta da buri sai nata gida. Da na samu fili a hanyar Zurmi, da rani, shimfiɗe lafiya lau, na yi mata alkawari ba za mu ƙara damina a gidan wani ba.

Ranar haƙar harsashi, Armiya'u magini ya ɗebo ƙasar a tafin hannu ya nuna mini. Farin yashi ne da 'yan tsakuwa sumul.

"Malam, wanga wuri hanyar ruwa ta," in ji shi. "Dubi tsakuwar, ruwa ya goge ta."

Raina ya ɓaci. A ce magini ne zai koya mini aikin ruwa! Na tsuguna na zana masa taswira da tsinke, na yi masa bayanin cewa ruwa mai ƙarfi daga tudu yake gangarowa, kogin Gagare kuma yana can nesa. Na ce, "Nuna mini dutse ɗaya a nan."

"Ni ban san dutsi ba," ya ce. "Amma nan kakana yaka kama tarwaɗa da damina."

Na yi dariya, na ce ya ci gaba da aikinsa. Ya ci gaba.

Muka tare a watan Mayu. Hannatu ta yi wa tsakar gida daɓe da hannunta, ta dasa zogale, ta gayyato danginta daga Shinkafi su ga gida.

Wata Laraba a watan Agusta aka yini ana ruwa. Ina gaban allo ina bayanin ambaliyar Brahmaputra, maƙwabcina ya kira waya ya ce in zo yanzu. Na tarar ruwa ya fasa katangar baya, ya ratsa falo, ya fita ta ƙofar gida da tabarmi da tukwane. Wallahi har a lokacin sai da idona ya lura da yadda yake zaizayar kwanar ɗakin girki, daidai yadda nake zanawa a allo. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Hannatu na tsaye a kan tudun maƙwabta, goye da ƙaramar, ta riƙe manyan biyu.

Da la'asar muka isa gidan Yaya Abbati a jiƙe. Ta gaida matarsa, ta sunkuyar da kai, ta ce mata a hankali, "Yaya, ɗakin nan namu, ko an sa kaya ciki?"