Wa Ya Ba Kyanwar Inna Magani?

"Me kuka ba ta?" babban likitan ya sake tambaya, muryarsa ta cika ɗakin har kwanonin ƙarfe suna amsawa. "Kyanwa ba ta kumbura fuska haka kawai."

"Babu komai," in ji mijin.

"Babu komai," in ji matar, idonta a ƙasa.

Ma'aikatan asibitin dabbobin suna kiransa Aradu a bayan idonsa. Hannunsa babu na biyu, yana samun jijiyar ɗan tsako ko a duhu, amma in ya yi tambaya ko mai gaskiya sai ya ji kamar shi ya yi satar. Abokiyar aikinsa, wadda shi yake tsokana da Sannu-Sannu, tana tsaye a ɗaya gefen teburin. Ta ɗaga leɓen kyanwar ta ga dasashin ya koma ruwan ƙasa, numfashi kuma sama-sama. Ta riga ta san guba ce. Wace iri, kuma tun yaushe, shi ne abin da ba a jikin kyanwa ake karantawa ba, sai a bakin mutane, kuma bakunan nan biyu an riga an rufe su da tsawa.

"Ranka ya daɗe," ta ce da shi a hankali, "ka sa mata iska da ƙarin ruwa, hannunka ya fi nawa. Ni bari in ɗan zauna da su."

Ya harare ta, amma yabon ya shige shi. Ya sungumi kyanwar ya yi ciki da ita.

Likitar ta dubi mijin. "Malam, motarka ce fara a bakin ƙofa? Taimaka ka matsar da ita, nan ake sauke shanu."

Yana fita ta jawo kujera ta zauna kusa da matar, kafaɗa da kafaɗa, ba gaba da gaba ba.

"Taki ce, Yaya?"

"Ta surukata ce. Inna tana kwance a asibiti, an yi mata aikin ido. Duk wanda ya je dubiya, kafin ta tambayi jikoki sai ta tambayi kyanwar nan. Ita kaɗai ta rage mata a ɗaki tun rasuwar Baba."

"Allah ya ba ta lafiya. Na ga ƙafar baya da ciwo."

"Daga kan katanga ta faɗo jiya. Tana ta kuka, abin tausayi."

"Ai kukan ba ya jin daɗin saurare," in ji likitar. "Kusan kowane mako sai an kawo mana wadda mai ita ya ji tausayinta ya ɓallo mata abin da yake sha in kansa na ciwo. Masu son dabba ne ke yin haka, marasa so ko kallo ba sa yi. In na san wane ne, akwai makarinsa a kabad ɗin can."

Matar ta yi ta murɗa bakin mayafinta. Can ta ce, da ƙyar ake jin ta, "Farasitamol. Rabi kawai, jiya da yamma. Don Allah, Likita, kada maigidana ya ji. In ta mutu, da wane ido zan kalli Inna?"

"Kin taimaki kyanwar yanzu. Daga bakina ba zai ji ba."

A ciki, Aradu ya riga ya sami jijiya. Da ya ji labari ya yi tsaki, ya miƙa hannu ga makarin.

"Na faɗa ai. Shi ke nan, mun gano."

Likitar ba ta tafi ba. Ta shafa haɓar kyanwar, sai ga wani farin gari ya manne a yatsarta, da danshinsa. Kyanwa kuwa, ko tana ciwo, ba ta kwana da datti a baki.

"Wannan ba na jiya ba ne," ta ce.

"To ƙarya matar ta yi. Bari in je."

"Ba ƙarya ta yi ba. Kai dai ka tsaya a kan kyanwar, ba ni minti kaɗan."

Ta tarar da mijin a wajen ajiye motoci, ya jingina da ƙofar motar yana juya makulli a yatsa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta tsaya gefensa ta gaya masa gaskiya tsirara: kyanwar tana tsakanin rai da mutuwa, kuma in akwai abin da ya shiga cikinta da safen nan, har yanzu ana iya tare shi kafin ya bi jini. Nan da an jima kuma, ba za a iya ba.

Makullin ya daina juyawa.

"Na tashi na ga fuskarta ta kumbura," ya ce. "Na ɗauka zafin ciwon ne. Rabin farasitamol na daka mata, daf da za mu fito." Ya share goshi. "Likita, a rufa mini asiri. Matata ta sha gaya mini in daina mayar da kaina likita."

Dariya ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta. "Na gode, Malam. Ba daga gare ni za ta ji ba."

Ta koma da sauri. Aka dama garin gawayi na asibiti, mai kama guba a ciki, Aradu ya ɗura shi kaɗan-kaɗan ba tare da kyanwar ta shaƙe ba. Bai ce likitar ta yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Sai dai da ya buƙaci almakashi, ya ce "don Allah".

Da la'asar dasashin ya fara komawa ja. Kyanwar ta ɗaga kai ta yi wa Aradu wani ɗan gurnani, shi kuwa ya ji daɗi ƙwarai. Likitar ta fito ta sami ma'auratan a benci, kowa ya kama ƙarshensa, kowa da nauyinsa a zuciya.

"Ta farfaɗo," ta ce. "Za ta kwana biyu a wurinmu, amma ina sa ran Inna za ta dawo ta same ta. Maganin mutane ne ya shiga cikinta, ga kyanwa kuwa guba ne ko da ɗan ɓalli. Daga yau, duk wanda ya ga tana ciwo ya kira ni kafin ya taɓa kwalin magani."

"Ba za a sake ba," suka ce, baki ɗaya, da sauri.

Sai kuma matar ta juyo a hankali ta ƙare wa mijinta kallo.

"Kai me ya sa ka yi saurin amsawa?"

"Ke fa?"

Likitar ta duba agogonta kamar mai wani aiki na gaggawa, ta shige ciki ta jawo ƙofa. Ta jima tana wanke hannu ba ta ji motsin kowa ba. Can sai dariya ta ɓarke a kan bencin, ta matar ce ta fara.