Ranar da Gajimare Ya Ƙi Tashi

Duk wanda ya ce maka ya gaji da kallon gajimare a kwarinmu, ƙarya yake yi. Ni da na tsufa ina sayar da shayi a bakinsa ban gaji ba, ko yanzu da na tsane shi. In sanyin Yuli ya kama, don a ƙasarmu lokacin ne hunturu, aka kwana babu iska, sai gari ya waye ka tarar kwarin ya cika taf, daga bangon dutsen da muke kai har wancan na can nesa inda ido ke ƙarewa. Sama garau, ƙasa fari fat kamar an zuba madara a kwano. Rana na fitowa jajayen duwatsu su kama haske, kawunan tsaunuka su leƙo ɗaya-ɗaya, gajimaren ya riƙa malala a hankali ta tsakaninsu. Mutanen Sydney kan taso tun da sauran duhu su zo su tsaya suna rawar ɗari, baki buɗe, sai can su tuna da shayi. Irin wannan safiya ita ce kasuwata, kullum roƙonta nake yi.

Mijina Athol kuwa a ƙarƙashin gajimaren yake aiki. Shi ke gyaran matakalar dutse ta hanyar da ke sauka cikin kwarin, yana sassaƙawa yana jerawa, tun muna da baƙin gashi. Yakan kafa tanti a bakin rafi ya yi kwanaki, sai abinci ya ƙare ya hawo da gemu da warin hayaƙi. Kowace safiya kafin ya ɗauki guduma zai ɗaga kai ya yi kiran nan namu na mutanen dutse, kuu-wii, ni kuma in ajiye buta in je bakin shingen ƙarfe in amsa masa. Nasa kiran ba ya ɓuya. Taba ta cinye masa maƙogwaro, saboda haka ƙarshen yakan tsage, sai ɗan tari ya biyo baya.

"Sai ka ce ana yanka tsohon rago," nakan ce masa in ya dawo.

"Amma ai kina amsawa," in ji shi. "To wa ya fi wani hankali a cikinmu?"

Abokin zamansa a can ƙasa tsuntsu ne, irin masu doguwar wutsiyar nan da ke tonon ƙasa suna kwaikwayon duk ƙarar da suka ji. Athol na juya dutse, shi yana biye yana tsince tsutsa. Magulmaci yake ce masa. Ya ba ni labari tsuntsun ya ƙware da ƙarar guduma har shi kansa yakan waiga ya ga wa ya ɗaukar masa kayan aiki. Na ce sun dace, babu mai barin ɗan'uwansa ya huta da surutu.

A waccan shekarar ruwan sama ya zaftare saman hanyar, daidai ƙasan rumfata. Gajeriyar hanya ta tafi ke nan. Mai son shiga kwarin dole ya zagaya da mota har bakinsa, sannan ya tako da ƙafa yini guda yana tsallake rafi. Ta can Athol ya shiga, yana gyaro matakalar daga ƙasa.

Ran da abin ya faru, ina ɗora ruwan farko a wuta sai rediyon oba-oba da ke rataye kusa da tukunya ta yi ƙara. Athol ne.

"Glen. Kar ki tayar da hankalinki."

Duk matar da ta daɗe da aure ta san abin da ke biyo bayan wannan magana.

"Me ka yi?"

"Ni ban yi komai ba, dutse ne ya yi. Ya mirgino min a cinya. Na zaro ƙafar, amma akwai jini. Na ɗaure da bel. Kira min Warwick."

"Jini kamar yaya?"

"Kamar jini mana! Ki kira shi. Ya saman yake?"

"Gajimare ya cika kwarin har baki."

"To yau kin yi kasuwa," ya ce yana dariya, sai rediyon ta yi shuuu ta ɗauke. Ko sanyi ne ya shanye batirin, ko faɗuwa ta yi a ruwa, har yau ban sani ba.

Warwick ƙanena ne, makanike, kuma shi ne shugaban 'yan sa-kai na ceto a garinmu. Ruwan bai tafasa ba ya iso da mutanensa, cikinsu har da Lyle mai gasa burodi, da fulawa a gira. An yi waya, jirgi mai saukar ungulu ya shirya da likita a ciki. Sai dai matuƙin ya ce ba ya shiga ramin da ba ya ganin gindinsa, a kira shi in ya buɗe.

Na ce, "Ku kama hanyar zagaye yanzu."

Warwick ya ce, "Yaya, yini guda ne fa. Kafin mu kai rafin farko jirgi ya ɗauko shi, har ya fara zagin masu jinya a asibiti. Kuma in jirgin ya zo mu za mu shiga mu nuna inda za a zura igiya. Wa ya san tantinsa in ba mu ba?"

"To ku sauka ta zaftarewar."

"A cikin wannan farin? Ƙasar da ko da rana tsaka ba ta riƙe akuya? In ta tafi da Lyle, ke za ki je ki gaya wa matarsa?" Ya dafa ni. "Tsakani da Allah, yaushe kika taɓa ganin gajimare ya wuce shayin hantsi?"

Da gaskiyarsa. Kowa a garinmu ya san haka kamar yadda ya san hanyar gidansa. Rana na dukan bangon yamma, gajimaren zai fara tururi, ya yage ta tsakiya, kafin ka shanye kofi ka hango itatuwan turare a ƙasa. Da shi muke auna lokacin shanya. Ni kaina sau nawa na kori baƙi daga gaban rumfa na ce su je su kalla tukuna, shayi ba ya gudu. Babu wanda ya yi musu, har ni.

Na tafi bakin shinge na cika ƙirji na yi kira. Muka kasa kunne. Can sai ga shi ya taso ta cikin farin, kuu-wii, ƙarshen ya tsage, tari ya biyo baya.

Lyle ya buga cinya. "Ji ɗan banza! Wannan ne mai mutuwa? Wallahi huhunsa ya fi nawa."

Na sake kira, aka sake amsawa, da ƙarfi kamar na kullum. Na zauna a kan dutse ina dariya ina share hawaye. Warwick ya ce in ba su shayi da burodi mai nama, tunda Athol ne ya jawo musu asarar safiya a rubuta a wuyansa.

Hantsi ya yi. Rana ta doki bangon yamma har ya yi ja kamar garwashi. Gajimaren bai motsa ba. Ganyen da ke kan bishiyar bayan rumfata ko rawa bai yi ba.

Ban taɓa ganin kyau irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye ba don ina jin haushi. Farin ya kwanta sumul, babu ko tabo, har ya hawo yana lasar ƙafar shingen. Inuwar mutane ta faɗa a kansa, kowace da zoben launi a kewayen kai, yara suna ɗaga hannu inuwarsu na ɗaga musu. Motoci suka cika hanya har kwana. Wani dattijo mai ɗaukar hoto ya ce min shekara da shekaru yana zuwa bai taɓa dacewa da irin wannan ba. Wata budurwa ta miƙo min wayarta in ɗauke su hoto ita da saurayinta. Na ɗauke su. Na ci gaba da zuba shayi don hannuna na neman abin yi, duk bayan 'yan kofuna in koma shinge in kira. Wani lokaci a amsa nan take, wani lokaci sai an jima.

"Hutawa yake yi," in ji Lyle. "Kar ki ƙarar masa da numfashi."

Da rana ta raba tsaka na lura Warwick ya daina haɗa ido da ni. Ya tsaya yana jiƙa yatsa da miyau yana ɗagawa sama, ko zai ji iska. Da ta fara karkata sai ya jefar da sauran shayinsa a ƙasa.

"Ku ɗauko kaya. Zagaye za mu bi."

"Yanzu zai buɗe fa," in ji Lyle.

"Na ce ku ɗauko kaya!"

Suka tafi da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Noelene. Ban ce masa ai na faɗa maka ba. Fuskarsa ta nuna ya riga ya sani. Duhu ya kama su a tsakiyar kwarin, rafi ya cika, hazo ya hana su ganin ko ƙafafunsu, dole suka kwana a nan.

Washegari na iso bakin kwari na tarar da shi yadda na bar shi, cike taf, rana na zuba masa ruwan zinariya. Ko rumfa ban buɗe ba na nufi shinge. Na kira, muryata duk ta dushe. Aka amsa, garau, har da tarin. Bayan haka na jiyo wata ƙara can ƙasa-ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, guduma a kan dutse. Na ce a raina yana buga wa su Warwick ne don su san inda yake. Athol ke nan, ƙafa a farfashe amma sai ya koya wa mutane aikinsu. Na buɗe rumfa na ɗora ruwa, har na ware masa burodi mai nama guda biyu na rufe.

Wajen hantsi rediyon ta yi ƙara.

"Glenys."

Tun yana yaro Warwick bai taɓa kiran sunana ba.

"Kun isa? Yanzun nan na ji shi yana buga muku guduma."

"Mun isa. Akwai wani kusa da ke?"

"Ba shi rediyon in zage shi."

"Glenys, Athol ya rasu."

Bai rufe baki ba kiran ya taso, kuu-wii. Na ji shi daga cikin kwarin, na kuma ji shi ta cikin rediyon da ke hannuna, da ƙarfi, kamar a gefen kunnen Warwick ake yi.

"Ga shi nan! Warwick, kurma ne kai? Ga shi nan yana kira!"

"Yaya." Muryarsa ta karye. "Hannunsa na cikin nawa. Ya yi sanyi. Tsuntsun ne. Ga shi can a kan tarin duwatsu, ina kallonsa."

Tarin ya biyo baya.

Da la'asar wata 'yar iska ta taso, wadda ko hular mutum ba za ta ture ba. Gajimaren ya yage ta tsakiya, kafin buta ta tafasa kwarin ya buɗe har gindi, kore shar, rafi na ƙyalli. Jirgi ya shiga ya fito da shi cikin lokacin da bai kai na wanke kofuna ba.

Noelene ce ta gaya min sauran, don na matsa mata. Athol ya ja jiki har bakin tanti. Ya hura wuta, ya ƙone duk itacen da hannunsa ya kai. Ta ce ga dukkan alama ya ga faɗuwar rana, amma jinin da ya zubar ba zai bar shi ya ɗaga murya ba tun da safe. Na tambaye ta, da sun tashi lokacin da na ce, da sun riske shi? Ta dubi takalminta ta ce ba ta sani ba.

Warwick ya ajiye shugabancin. Ya taɓa zuwa min da maganar zai sauka da bindiga, na ce in ya taɓa tsuntsun kar ya ƙara shigo min gida. Ba don ina son tsuntsun ba. Ban san dalili ba.

Har yanzu ina buɗe rumfa, don babu wani abin da na iya. An gyara hanya, wasu samari ne suka ƙarasa matakalar, kuma ba ta yi kyau ba. In sanyi ya zo kwarin ya cika, kiran yakan taso da sassafe, ya tsage a ƙarshe, ya yi tari. Baƙi su ruga shinge suna amsa masa suna dariya, wani ya juyo ya tambaye ni wane ne a can ƙasa. Nakan ce shayinsa na hucewa.

Ba mutuwar ce ke hana ni sukuni ba, kowa zai yi ta. Yinin nan ne. Yana kwance a bakin tanti, idonsa biyu, yana ji ina kiransa daga sama, yana kuma ji ana amsa min da muryarsa cewa lafiya lau yake.