Amshin Yamusa

Alhaji Badamasi mai labule, na layin 'yan yadi a kasuwar Wuse, ba ya iya auna yadi bakinsa a rufe. Yana jan awo yana ƙunƙuni, ƙafarsa tana ɗan dukan ƙasa. Maƙwabtansa na rumfa sun ɗauka wuridi yake yi, shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. Ina amfanin gaya wa mutanen da suka san ka da carbi cewa ka taɓa tara gashi har kafaɗa?

A shekarun da Abuja take jar ƙasa da ƙarar katafila, Badamasi saurayi ne ɗan Zariya, ɗan gidan fatake, yana lanƙwasa rodi a wajen 'yan kwangila, yana kwana a barikin leburori na Nyanya. A can wani birkila ɗan Ghana ya saba musu da kiɗan Jamaika a rikodarsa: ska mai gaggawa kamar an biyo mutum, da rege mai tafiyar ƙasaita. Kowa ji ya yi ya wuce, ban da Yamusa, wani siririn Bazamfare da ya gaji kiɗa kaka da kakanni. Shi ya ce wannan kiɗa Hausa za ta zauna a kansa daram. Ya tara Ɗanladi, ɗan Gbagyi da ya koyi babbar jita a coci, da Rilwanu a kan ganguna, da masu busa ƙaho biyu 'yan Kalaba. Badamasi ya riƙe ƙaramar jita, mai yin cak, cak a bayan kiɗa, kuma shi ne babban ɗan amshi. Suka sa wa kansu 'Yan Rodi.

Kiɗan na Jamaika ne, amma tsarin na gidan su Yamusa ne. Shi ke jan baiti, sauran su amsa. Tun farkon zamansu ya gaya wa Badamasi doka guda: ɗan amshi ba ya jan waƙa muddin maigidansa na raye, sai an 'yanta shi. Badamasi, da bai tashi gidan kiɗa ba, ya riƙe maganar nan da hannu biyu, har ya fi masu abin riƙo. Haka suka yi shekaru suna tashin ƙura daga Nyanya zuwa Suleja, da waƙarsu da ta fi fita, mai amshin "Mu muka gina, ba mu kwana ciki ba."

A 1994, wata Lahadi da la'asar, suka yi wasa a wani lambu a Garki. Washegari Yamusa ya hau mota ya koma ƙauyensu, wai mahaifinsa ya kira shi ya karɓi gangar gida. Bai ce wa kowa ga yadda za a yi ba. Masu ƙaho suka kama gabansu, Rilwanu ya rasu daga baya, Ɗanladi ya buɗe shagon walda. Badamasi ya aske kansa ya shiga kasuwa, kuma abin da ya yi ta cin ransa shi ne wanda ya yi wa amshi duk tsawon shekarun nan bai ga ya isa a bar masa ko waƙa ɗaya ba.

Bara ne wata yarinya mai suna Nabilah, ma'aikaciyar wani gidan rediyo, ta tsinci kaset ɗinsu a kayan marigayi mahaifinta. Ta sa a shirinta, waya ta ɗauki zafi. Tsofaffin direbobi da 'yan fansho suka yi ta kira, wasu suna rera amshin. Ta bi sawu har ta zo rumfar labule.

"Baba, wallahi mutane suna neman ku," in ji ta. "Akwai show na kiɗa da za a yi a wani lambu ƙarshen wata mai zuwa. Na samo muku matasa masu ganga da ƙaho. Da tsohuwar zuma ake magani fa."

Ya so ya ce tsohuwar zumar ta daskare, amma hannunsa ya riga ya fara ƙaiƙayi. Aka soma gwaji a bayan shagon Ɗanladi, bayan an tashi aiki. Kiɗa ya dawo kamar jiya aka ajiye shi. Sai dai duk inda aka zo gurbin mai jan baiti, sai wurin ya yi fayau, Badamasi ya sunkuyar da kai yana cak, cak, har zagaye ya dawo ya yi amshi.

"Alhaji, ba ka san baitukan ba ne?" Nabilah ta tambaya.

"Har da waɗanda ba su shiga kaset ba na sani."

"To, me ya hana?"

"Ba a 'yanta ni ba."

Ɗanladi ya ajiye jita ya yi dariya har da tari. "Kai Bada, rege ne fa muke yi, ba fadar sarki ba. Jikoki gare ka! Wa zai kama ka?"

Babu wanda zai kama shi, shi ma ya sani. Amma abin da mutum ya ɗaure kansa da shi tun yana saurayi ba ya kwancewa don an yi masa dariya. Aka gwada wani matashi mai murya, ya haddace kaset tsaf, ya rera ba kuskure, abin ya fito kamar tuwon da ya kwana ba ɗumame. Nabilah ta ce gaskiya in Alhaji ba zai ja ba, gara a fasa. Badamasi ya koma gida yana sane cewa in aka fasa wannan karon, 'Yan Rodi sun tafi ke nan, kuma shi ne ya rufe su.

Ɗanladi ne ya kawo labari cewa Yamusa na nan Abuja, a unguwar Karmo. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyensu, 'yarsa Hafsah da ke aure a nan ta ɗauko shi. Badamasi ya yi kwanaki yana juya abin. Roƙo da furfura ba daɗi. Ranar Asabar da hantsi ya rufe rumfa, ya ɗauki jita, ya hau tasi.

Ya sami Yamusa a kan tabarma a inuwar wani ɗaki mai rufin kwano, ya rame, idanunsa sun yi yana-yana. Badamasi ya cire takalmi ya durƙusa, abin da ya daɗe bai yi wa kowa ba.

"Maigida, barka da hantsi."

Yamusa ya karkata kunne. "Wanga Bada ne. An ce mini ka zama Alhaji. Tumbi ma na ji shi cikin muryarka."

Suka gaisa, aka yi jaje, aka yi wa Rilwanu addu'a. Hafsah ta kawo ruwa ta koma ciki. Badamasi ya ba da labarin kaset da yarinyar rediyo da gwajin da ake yi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Na zo ne ka 'yanta ni, Maigida. In ka ga na isa."

Tsohon ya ɗago kai.

"Ni in 'yanta ka? Kai da ka ƙi?"

"Na ƙi? Yaushe?"

"Lambun Garki. Muna tsakiyar waƙa na ja baya, na bar maka gaba, na koma ina amshi. Ka manta?"

Bai manta ba. Ya tuna yadda Yamusa ya ja baya a ranar ya kama amshi, ya tuna yadda shi kuma ya ɗauka baiti ne ya ɓace wa maigida a gaban jama'a. Shi ya sa ya ɗaga murya ya taya shi amshin, suka yi ta maimaitawa har kiɗa ya mutu, don kada kowa ya gane.

"Na ɗauka mantuwa ka yi," ya ce a hankali. "Asiri nake rufa maka."

"Mantuwa? Ni?" Yamusa ya buga cinya. "Gidanmu haka aka 'yanta yaro. Ba a faɗi da baki. Uba shi koma amshi gaban mutane, yaro shi ja. In ya mayar da amshi, ya ce ba shi so ke nan, kuma ba a sake tambaya tai. Na yi ta ba ka, kana maido min. Na tahi gida ina cewa ɗan fatake ya raina sana'armu."

"Ba ka taɓa gaya mini haka ake yi ba."

"Ban san akwai wanda bai sani ba."

A waje mai ruwa yana tura baro yana buga jarka. Badamasi ya ji wani baƙin ciki da bai da wanda zai ɗora wa. Da ƙin sa aka yi, da ya fi sauƙi, don ya riga ya saba da wannan ciwon. Ashe an miƙa masa abin tun yana da gashi da murya, shi ya mayar da hannunsa, don biyayya. Shekaru talatin kowa yana zaune da zafin ɗan'uwansa. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, tunda tsohon ba gani yake yi ba.

"Ka zo da jita?" Yamusa ya tambaya.

"Tana nan."

"Hafsah! Kira maƙwabta. Abin ga ba a yin shi ɗaka."

Mata biyu suka leƙo da mayafi, wani tela ya taso daga kan kekensa, yara suka taru a bakin kwata. Jama'ar ke nan. Badamasi ya kama cak, cak, a hankali, yana jira ya ji wace tsohuwar waƙa za a ɗauko. Yamusa ya gyara zama, ya buɗe baki da 'yar muryar da ta rage masa:

"Inda rana ta iske mu, nan muka sauka."

Badamasi bai taɓa jin wannan amshi ba. Ba ya cikin kaset, ba ya cikin abin da ya haddace, babu baitin Yamusa ko ɗaya da zai hau kansa. Tsohon ya sake yi, ya yi shiru, ya bar gurbin a buɗe. Bakin Badamasi ya motsa zai maimaita amshin, don abin da ya iya ke nan, ya cije leɓe ya haɗiye. Jita ta zagaya sau ɗaya babu kowa a kanta. Sannan muryarsa ta fito, a dishe, ta ɗan kauce wa kiɗa:

"Na zo da rodi a kafaɗa, yau sanda nake nema."

Baitin bai yi wani kyau ba, tela ma sai da ya murmusa. Amma Yamusa ya sunkuyar da kai yadda yaran mawaƙa suke yi, ya amsa masa, ya jira na gaba.