Saniyar Mutum Bakwai

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka a shekarun da ake fasa duwatsu ana faɗaɗa Harami, in ya ce bai san Baba Sabitu mai fura ba, to ba zama ya yi ba, wucewa ya yi. Mutum ne da ya shigo ƙasar nan tun gashinsa na baƙi wuluk, ta Sudan, a bayan motar ɗaukar awaki. Bai taɓa shiga aji ba, har yau da babban yatsa yake sa hannu, amma kafilai uku, wato iyayen gidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, ya ga bayansu, kowanne da iliminsa da rawaninsa. An yi kamen da aka kwashe rabin lungunsu aka yi Jidda da su, shi yana zaune a ƙofar gida yana yanke farce. Irin waɗannan maza yanzu an daina yin su.

Dukiyarsa a duniya guda ce, wata farar saniya mai suna Gimbiya, da yake ajiye a wani hosh, wato ɗan fili mai katanga, can bayan gari ta tsohuwar hanyar Jidda. Tana maraƙa ya saye ta, ƙashi da fata, dillalin ma yana ce masa ya tafi da wuƙa a kusa don ba za ta kai gida ba. Da hannunsa ya riƙa ba ta ruwa, ya yi mata rumfa da tsofaffin kafet na masallaci, har fanka ya ɗaura mata alhali ta ɗakinsa ta lalace. Kullum da sassafe zai je ya tatso ta, matarsa Rahmatu ta kwantar da nonon ya zama kindirmo, ta kirɓa gero da citta da kanumfari. Da la'asar shi kuma ya zauna a bakin lungu da kula cike da ƙanƙara yana damawa. Leburori kan sauko daga kan gini fari fat da ƙura, su sha kofi biyu, su ce sun je gida sun dawo.

Ana nan sai ga Nawaf, ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, mai duba masu abinci. Jikan Hausawa ne, haifaffen unguwar Shisha, Hausarsa duk ta karkace. Ya buɗe kular, ya sunsuna, ya rufe.

"Ya Ammi, wannan mamnu', an hana. Nono babu tafasa, babu takarda, a kan titi."

"Ɗana, da wannan kakarka ta yaye ubanka. Ka ga ya mutu?"

"Ubana lafiya, alhamdu lillah. Amma doka doka."

"To ai na ji an ce an yi wa masu dafa abinci a gida sassauci. Matar nan ta bayan masallaci ba sambusa take sayarwa ba?"

"Ita 'yar ƙasa, tana da izini. Kai iƙama gare ka, takardar zaman baƙo. In na dawo na same ka kana sayarwa, tara, kuma kula ta tafi."

Da wani ne, da ya fara roƙo yana kama ƙafa. Baba Sabitu kuwa ya shafa gemu kawai.

"In mutum ya sha nonon saniyarsa fa?"

Nawaf ya ɗaga kafaɗa. "Saniyarka, cikinka. Ba ruwana."

Yaron bai san ya miƙa wa tsoho makullin gari ba. Washegari Baba Sabitu ya tara manyan masu sayen furarsa su shida. Babbansu Hafizu, mutumin Maraɗi, shugaban leburori a wani dogon gini, wanda shi kaɗai yakan kwashe rabin kula. Akwai Malam Mukhtaru mai karantar da yara, sai tela, da direban tasi, da wasu 'yan kasuwa biyu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a garin nan malamai suka ce mutum bakwai na iya haɗuwa a kan saniya ɗaya ba? To ga ku shida, ga ni na bakwai. Kowa ya sayi kasonsa a jikin Gimbiya. Daga yau ba mai sayen nono a wurina. Nonon saniyarku za ku sha. Abin da za ku riƙa ba ni duk wata ladan kiwo ne da tatsa da damu, ba kuɗin fura ba."

Malam Mukhtaru ya buɗe baki zai ce wani abu game da inda ake wannan haɗuwar ta bakwai, Baba Sabitu ya tare shi.

"Malam, a Makka muke. Abin da malaman Makka suka halatta ai ya halatta."

Aka tafa, kowa ya biya kasonsa, aka yi fatiha.

Ranar da Nawaf ya dawo, abin sai wanda ya gani. Ya tarar da kula a buɗe, mutane na sha. Kafin ya yi magana su shidan suka jeru.

"Wallahi tamu ce," in ji tela.

"Ƙafar baya ta dama tawa ce," in ji Hafizu. "Waɗannan yaran nawa ne, ni na ba su kyauta. An hana kyauta ne?"

Nawaf ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi tsohon da ke juya ludayi kamar bai san ana yi ba. Ya ce, "Halas," ya shiga mota.

Wata da watanni Baba Sabitu ba shi da wani zance sai wannan. A masallaci, a shagon aski, a wurin gaisuwar mutuwa. Wai masu digiri sun zauna cikin sanyin ofis sun rubuta doka, shi da yatsa ɗaya ya zagaye ta. Kuma gaskiya ya faɗa.

Abu ɗaya ne ya ɗan fara sosa masa rai. Mutanen nan sun ɗauki maganar da gaske. Ran Juma'a sai ka ga direban tasi ya kwaso su sun zo hosh wai ganin dukiya. Tela ya taɓa haƙarƙarinta ya ce ta rame, a ƙara mata dusa. Hafizu ya ɗaga jelarta, ya dafa gadon bayanta, ya ce a'a, masha Allah, tana cika. Baba Sabitu ya ji daɗin yabon. Bai lura da cewa ba hantsarta Hafizu yake kallo ba.

Da watan babbar Sallah ya kama, alhazai suka cika gari, farashin rago ya hau sama ya ƙi saukowa. Hafizu ya zo bakin lungu da la'asar, ya karɓi kofinsa, ya zauna a kan bulo.

"Baba, Allah Ya saka maka. Bana ka hutar da mu neman rago."

"Wane rago?"

"Na layya mana. Mun gama magana da mai motar da zai kai ta mayanka. Kai ne babba, kai za ka fara zaɓa. In kana son kai da ƙafa ma an bar maka."

Ludayi ya tsaya cak a hannun tsoho.

"Kan wa?"

"Na Gimbiya mana, Baba. Ba mu bakwai ba ne?"

"Kai Hafizu, ka taɓu ne? Don nono aka haɗu!"

"An sha nono, alhamdu lillah. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mutum bakwai sun haɗa kuɗi a kan saniya don su zauna suna kallonta ba. Ko a Maraɗi, in an yi watanda, ƙarshenta kashi-kashi ne a kan tabarma."

Abin da Baba Sabitu ya ji a ƙirjinsa ranar, ko lokacin da jirgin ruwan da ya ɗauko su daga Sudan ya tsaya tsakiyar teku bai ji shi ba. Amma namiji ne, bai nuna ba. Ya rufe kula ya nufi wajen Malam Mukhtaru.

"Malam, mu fa 'yan Malikiyya ne. A gida ba cewa ake ba a haɗa kuɗi a dabbar layya ba?"

"Haka ne. Abin da na so in faɗa ke nan ranar, ka ce a Makka muke."

"To yanzu mun koma gida."

"Baba, ni dai ban ga mun hau jirgi ba."

Daga nan ya shiga neman Nawaf, ya same shi a kasuwa yana duba firijin masu kaji. Ya tsaya a gabansa ya miƙa hannu biyu.

"Ɗana, kama ni. Nono nake sayarwa. Saniyar nan tawa ce ni kaɗai. Yi mini tarar, ka kwashe kula, amma ka gaya wa mutanen nan ba su da komai a jikinta."

"Ya Ammi, mutum shida sun rantse a gabana. Sun ba ka kuɗin kaso ko ba su ba ka ba?"

"Sun bayar, amma ai..."

"Halas, tasu ce. Kai ba ka da laifi ko kaɗan. Ni ma na faɗa wa abokan aikina, wannan shaibi, tsohon nan, yana da kai." Ya juya ga firiji, sannan ya waiwayo. "In an yanka, ummi tana son hanta."

Mutumin da ya yi shekaru yana gudun hukuma, yau ya kawo kansa da ƙafarsa an ƙi karɓa.

A gida Rahmatu ta ce ya mayar musu da kuɗinsu kawai a huta. Ya ce ai ta fi kowa sanin kuɗin sun zama rufin kwano a kan rumfar Gimbiya, sauran kuma ta cinye su ɗanyen barsim, ciyawar da ake saya wa dabbobi.

Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi, su shida suka iso hosh da motar a-kori-kura, kowa cikin sabon farin tobi, doguwar rigar Larabawa, yana ƙamshin turare. Suka tarar da Baba Sabitu ya riga su. Ya naɗe igiyar Gimbiya a hannunsa har sau uku, ita kuwa tana ta tuƙa abinta, tana lasar masa gwiwar hannu.

"Barka da Sallah, Baba," in ji Hafizu. "Sako ta, rana na yi."

"Barkanmu dai. Hafizu, kaso nawa gare ku?"

"Shida."

"Ban musa ba. Ku ɗauki shidanku ku kai mayanka. Nawa ɗaya ku bar mini shi a nan, a tsaye, yana numfashi. Gobe da safe zan tatse shi."

Mai mota ya fashe da dariya har da dukan sitiyari. Tela ya ce wannan ai rainin hankali ne. Direban tasi ya ce shi ya riga ya gaya wa surukarsa ta wanke tukunya. Hafizu ya cire hula ya mayar.

"Baba, ta yaya za a yanka shida a bar ɗaya?"

"Ku ne masu ilimi. Ni ban yi makaranta ba."

Duk suka juya ga Malam Mukhtaru. Malam ya yi ta kallon ƙasa, don shi ma ya ƙwallafa rai a kan tozo. Can ya yi ajiyar zuciya.

"Gaskiya dai, dukiyar tarayya ce. In ɗaya bai yarda ba, wuƙa ba ta hawa."

"To ya biya mu kasonmu!" in ji tela.

Baba Sabitu ya nuna rufin kwano da haɓa. Kowa ya ɗaga kai ya kalla, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Hafizu ba yaro ba ne, mutum ne da ke juya leburori fiye da garken shanu. Ya ja sauran gefe suka yi ƙus-ƙus, sannan ya dawo yana murmushi.

"Shi ke nan, Baba, ka yi nasara. Ta rayu. Yanzu za mu shiga kasuwa ranar Sallah mu sayi raguna da tsadar da ka sani. Amma tunda kai ne mai son ta da rai, kai za ka riƙa ciyar da ita. Ladan kiwo ya ƙare daga yau. Nono kuwa namu ne, kaso shida, a dame, da ƙanƙara, kamar yadda aka saba. In ka gaji, ka faɗa, mai mota yana nan."

Baba Sabitu ya dubi Gimbiya. Ta kaɗa kunne ta kori ƙuda. Bai ko nemi ragi ba.

"Na yarda. Malam, yi fatiha."

Aka shafa, suka hau motar da suka zo da ita wayam suka nufi kasuwar raguna. Shi kuwa ya zauna a inuwar rumfa sai da motar ta ɓace, sannan ya kwance igiyar.

Da ya koma gida ya shiga da sallama mai ƙarfi, ya ce wa Rahmatu ta yi guɗa, maza shida da malaminsu da motarsu sun zo sun koma hannu banza.

"Madalla," in ji ta. "To gero fa, wa zai saya?"

"Ni."

"Barsim?"

"Ni."

"Kirɓi?"

"Ke mana."

"Mu kuma mu ci me, Malam?"

"Ke dai ba ki san nasara ba ko ta shigo miki ɗaki."

Bayan Sallah da 'yan kwanaki ya je neman aikin gadi, don barsim ba ya tsirowa a kan dutsen Makka. Duk inda ya je sai a dubi furfurarsa a ba shi haƙuri. Wuri ɗaya ne aka karɓe shi, ginin da Hafizu ke shugabanta. Nan yake zama a bakin ƙofa a kan kujerar roba, da kula a gefensa, leburori su sauko su sha ba ko sisi, albashin kuma ya wuce kai tsaye cikin Gimbiya. Duk sabon yaron da aka ɗauka aiki, kafin a ba shi hular kwano sai ya zauna ya ji yadda tsoho marar karatu ya gagari baladiyya, ya gagari wuƙa ranar layya. In yaron ya nuna shakka, Baba Sabitu ya ce ya shirya ran Juma'a, zai kai shi ya gan ta da idonsa, tana nan a tsaye, ta ƙara ƙiba.