Ɗas, Shuu

Editan ya bi littafin Malama da jan biro shafi-shafi, sai ka ce an yanka kaza a kai. Inda ta rubuta ƙofa ta rufu garam, ya soke garam. Inda ta ce "sanyin safiya ya sauko sannu-sannu", ya rubuta a gefe wai sa-sa-sa ɗin ta yi yawa. Tana zaune a ofishinsa tana buɗe shafukan. Littafinta na farko ne, kuma ta sha wuya kafin ta sami mai buga mata.

Sai da ta kai babin marigayi mijinta ranta ya ɓaci. Tun haɗarin da ya yi a wurin aiki yake jan ƙafa. In ya shigo gida, ta dama ta ce ɗas, ta hagu ta ce shuu, tun daga bakin ƙofa 'yarsu ke gane shi. Yanzu ta girma, fuskarsa da muryarsa sun ɓace mata, takun nan kaɗai ya rage. Shi ne bawan Allahn nan ya ja masa layi, ya rubuta "ya shigo yana ɗingishi". Ɗingishi fa! Wane mai ciwon ƙafa ne ba ya ɗingishi?

Editan ya gyara tabarau ya shiga bayani, har da su "ranki ya daɗe": wai irin waɗannan kalmomi na littafin yara ne, in ta yarda da gyaran, yau a sa hannu. Ta ce garam ta yafe masa, sa-sa-sa ma ya riƙe, amma takun nan a bar mata shi. Ya ce ƙa'idar kamfani ce, ba ya iya ɗaga ƙafa.

"To ɗana, mutuwa ta ɗauke shi, na haƙura," in ji ta. "Takunsa kam, ba bironka ne zai ɗauke ba."

Ta tattara takardunta ta rungume, ko da yake ta san ba lallai ta sake samun wani kamfanin ba. Ƙafarta lafiya lau, amma da gangan ta taka dama ta ja hagu, tun daga teburinsa har ƙarshen baranda, ma'aikata na leƙowa. Ɗas, shuu. Ɗas, shuu. Yana zaune da bironsa a hannu, yana jin ta har ta sauka daga benen.