Rigar Malam Nasidi a Jirgin Ruwa

Ɗan Malam Nasidi, likita a Ingila, ya gayyace shi yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. Wasiƙarsa ta ce bayan abincin dare fasinjoji kan caɓa ado su taru, maza duk sanye da kwat.

Malam ya aro kwat wurin maƙwabcinsa a unguwar Limancin Kona, ya gwada, hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu. Matarsa Maijidda ta yi dariya har da hawaye.

"Malam, tuɓe kayan mutane. Tafi da babbar rigarka mai aska takwas, ko a teku ta wuce raini."

Da babbar rigar kuwa ya tafi, ya dawo daga tafiyar baki har kunne. "Maijidda, kyaftin da kansa ya roƙa mu ɗauki hoto tare!"