Wankan Sista

Tun ranar da aka yi mata aikin ƙashin kwatangwalo, Sista ta hana ɗakin mata na asibiti sakat. A wannan ɗakin ta yi aikin jinya tun tana budurwa, zamanin da nas ke guge hularta da sitaci, har ta yi ritaya. Yanzu ga ta shame-shame a gadon bakin taga, amma ƙashi ne ya karye, baki na nan garau. Ta sa wata nas ta sake shimfiɗa zanen gado, ta tura wata ta je ta yanke farce.

Wanka kuwa ta ce atafau. Ita da ta wanke matan gari, ta juya su, ta shafe musu baya da mai, yau ita yaran nan za su tuɓe wa riga a bayan labule? Wata ta zo da lallami.

"Mama, ɗan goge jiki ne kawai."

"Ni na koya wa wadda ta koya miki wannan muryar. Wuce."

Sai dai fatar bayanta ta fara ja, kuma ta fi kowa sanin cewa daga nan sai gyambon kwanciya. Tsoro take ji ƙwarai, amma kunya ta fi tsoron ƙarfi.

Da abin ya ishi nas-nas, sai suka kira autarta, wadda ɗinki ne sana'arta, ko allurar asibiti ba ta iya kallo. Auta ta shigo da robar ruwan ɗumi da sabulu da tawul, ta ja labule. Ba ta nemi izini ba, ta yaye bargo ta kama ƙafar uwar.

"Ke Auta! Daga ƙafa? Da fuska ake farawa, a gangaro ƙasa. Wa ya koya miki wannan aika-aika?"

"Kaka mana," in ji Auta, tana murza sabulu hankali kwance. "Lokacin da na yi ƙyanda haka ta riƙa yi mini. Ta ce in ƙafa ta ji ɗumi, mara lafiya da kansa zai saki jiki. Ke ai kina nan asibiti, Umma, kina fara wa 'ya'yan mutane daga fuska."

Da dariya ta faɗa, babu ko ƙwayar zargi a ciki. Sista ta tuna ƙyandar. Kullum ta dawo daga aiki sai ta tarar da yarinyar tsaf, an shafe ta, an sake mata riga, kuma ba ta taɓa tambayar yadda aka yi ba. Mahaifiyar Sista ce ke yi, tsohuwar da ba ta da hula, ba ta da takardar shaida, wadda ta sha yi wa faɗa wai ba ta iya wanke hannu ba. Yau tsohuwar ba ta duniya, balle a gode mata.

Ɗumin ruwan ya ratsa tafin ƙafarta, ta ji kafaɗunta sun sauka da kansu. Auta ta dakata da ta ga idon uwar ya kawo ruwa.

"Umma, ko in kira miki nas?"

Sista ta tura mata ɗaya ƙafar a hankali.

"Wace nas? Ci gaba. Ki yi mini yadda ta yi miki, kar ki tsallake komai."